Yadda Gogen Baba Ya Fashe

Dukanku kun tashi kuna jin cewa jirgin sama ne ya fasa gogen kakanku. Haka Inna ta riƙa faɗa har ta koma ga Allah, haka mutanen Gafasa suka sani, ni ma haka nake amsawa idan an tambaye ni. Yanzu na ajiye aiki, ƙafa ta fara ƙi, ido ma sai da gilashi, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe biro. Ni kaɗai na san maganar da aka yi a gaban kantar nan ta filin jirgi, kuma ban taɓa maimaita ta ga kowa ba.

Manyanku sun san Baba tsoho mai shiru a kan tabarma, ƙananan kuwa ko wannan ba su riska ba. Ni na san shi lokacin da ake ce masa Tsalha mai goge, wanda in ya sauka daga mota ranar kasuwar Ajingi mahauta kan ajiye wuƙa su ce ya fara da nasu. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa. Gogensa ba na gidan rawa ba ne. Take yake yi, wato kiɗan da aka san kowace sana'a da kowane gida da shi: akwai na manoma da ake yi a wurin gayya, akwai na maƙera, na masaƙa, na majema, har da na wasu gidaje da suka tashi tun kafin a haife ni, sai a yatsun Baba kawai suka rage. A wurin mahaifinsa ya koya, shi ma a wurin nasa. Gogen kansa na gado ne. Ƙwaryar daga bayan gidan kakan Baba aka yanko ta, ta yi baƙi tana sheƙi saboda hannu. Fatar guzan da aka rufe ta da ita sau biyu kawai aka sauya a sanina. Yana rataye a kan wata ƙusa a ɗakinsa, ko Inna ba ta taɓa shi in tana shara. Da safe yakan fito da shi ya kara a rana kaɗan don fatar ta ɗame, ya goga ƙaro a jikin tsirkiya, ya ja sau ɗaya a hankali yana karkata kai, sannan ya mayar.

Ni ne ɗan fari, Magaji suke kirana, amma ban gaji komai ba. Makaranta aka sa ni, na zama malamin firamare, daga baya aka ɗauke ni ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a Gaya. Tun ina sakandare na koyi cewa mahaifina manomi ne in tsaya nan. Da na nemi auren mahaifiyarku, 'yar gidan malamai, mahaifinta bai ja ba, amma ƙanensa Alhaji Bala ya tsaya kai da fata cewa ba su taɓa kai 'ya gidan goge ba. Na same shi a zaurensa, na durƙusa, na ce masa ai Baba ya daɗe da tuba ya ajiye kiɗa. A ranar da na faɗi haka Baba yana Ajingi yana yi wa maƙera takensu. Alhaji Bala ya ce alhamdu lillahi, ya sa albarka. Wataƙila ya yarda, wataƙila ya ga dama ne ya yi kamar ya yarda. Ni dai tun daga nan na zauna a kan maganar, shekara da shekaru, ina gudun duk abin da zai haɗa Gafasa da Gaya a wuri ɗaya.

A shekarar da nake ba ku labari, wani malamin jami'a daga Kano, Dakta muke ce masa, ya zo kasuwar Ajingi neman masu kiɗan da, aka nuna masa Baba. Ya bi shi har gida ya wuni yana saurare. Bayan wata biyu ya dawo da takarda: ana gayyatar Baba wata ƙasa a Turai, ya yi wasa a wani taro, sannan ya zauna kwana goma a ɗakin ɗaukar sauti a naɗi duk taken da ya sani, kowanne da bayanin masu shi. Dakta ya ce ba zai ɓata su da ɗauka a waya ba, a can za a yi shi da kayan aiki na gaske. Aka ce ɗa ɗaya mai jin Turanci ya raka shi. Babu wani sai ni.

Tafiyar ta faɗo tsakiyar damina, gyaɗa tana jiran noma na biyu. Inna ta ƙi tun farko. Ta ce mutum mai shekarunsa, kunne ɗaya ya mutu, gwiwa tana ciwo, me zai je nema a ƙasar da ko tuwo ba su sani ba. Ta ce wanda yake son jin goge ai ya san hanyar Gafasa. Kwana uku tana faɗa tana aikinta. Ran na huɗu muna cin abinci a tsakar gida Baba ya ce:

"Babu wanda ya koya a wurina. In na kwanta, da su zan kwanta. Gara in kai su inda za a ajiye."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, ni ma ban ɗago ba.

Dakta ya turo mini dokokin kamfanin jirgin, kuma ya kira ni ya bi su da ni ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin abin kiɗa ana iya shiga da shi cikin jirgi a maimakon jakar hannu, muddin tsawonsa bai wuce abin da suka ƙayyade ba. An fi so ya kasance cikin akwati mai ƙarfi. Dole a buɗe shi a nuna wa ma'aikata a wurin awon kaya, a sake nunawa a wurin bincike. Saboda fatar dabbar da ke jikinsa akwai wata takardar izini, wannan Dakta ya yi ta zirga-zirga har ya samo. Idan kuwa aka sa shi a ƙarƙashin jirgi tare da manyan akwatuna ba tare da akwatin kirki ba, sai mai shi ya sa hannu cewa duk abin da ya same shi babu ruwan kamfani. Na ari tef ɗin tela na je Gafasa na auna gogen da kaina. Ya shiga cikin ƙa'idar har da ragowar yatsu uku. Ina so ku riƙe wannan: na karanta, na gane, na auna.

Saura akwati. Akwai kafinta a bakin layinmu a Gaya da zai iya haɗa shi cikin kwana biyu, amma sai an kai masa gogen ya gwada, kuma shagonsa majalisa ce. Na yi ta cewa gobe. Mahaifiyarku ta lura, domin ita ba ta taɓa ɗaukar sana'ar Baba abin ɓoyo ba, in mun je Gafasa ma takan roƙe shi ya yi mata taken manoma. Wata safiya ina sa takalmi ta ce:

"Malam, in nauyi kake ji, ka kawo shi ni in aika a kai. A ce nawa ne."

Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata irinsa ba, na ce ta fita daga abin da bai shafe ta ba. Ranar tafiya na naɗe gogen da bakansa cikin bargo, na ɗaure da igiya, na zura a babbar jakar leda mai ratsi-ratsi irin ta 'yan kasuwa. Baba ya tambaye ni ko haka zai isa. Na ce ai a cinyarsa zai tafi, ba wanda zai taɓa shi. A motar Ajingi zuwa Kano kuwa a cinyarsa ya tafi, kwandasta ya yi ya yi a sa a but Baba ya ƙi.

Mun isa filin jirgi bayan azahar. Na zaunar da Baba a kan benci saboda gwiwarsa, na karɓi jakar na shiga layi. Saura mutum biyu a gabana na ji an dafa kafaɗata. Alhaji Bala ne, cikin farar jallabiya, da wasu dattawan Gaya su biyar ko shida, za su Umara, layinsu yana manne da namu. Muka gaisa, ya hango Baba ya je ya gaishe shi ya dawo, ya tambaye ni ina muka nufa. Na ce asibiti zan kai Baba a duba masa kunne. Suka yi ta sa mini albarka, ɗaya ya ce irin 'ya'yan da ake nema ke nan. Ana cikin haka layi ya iso kaina.

Ma'aikaciyar 'yar kudu ce, da Turanci muka yi magana. Ta duba fasfo, ta dubi kwamfuta, ta ce an rubuta mata cewa muna tafe da abin kiɗa, in buɗe ta gani ta manna masa takardar shiga ciki. Ta nuna mini wani ƙarfen awo a gefenta ta ce in ya shiga nan shi ke nan. Alhaji Bala yana tsaye bai fi kamu biyu daga gwiwar hannuna ba, yana gyara takardunsa. Na rage murya na tambaye ta ko za a iya dubawa a wani ɗaki. Ta ce babu ɗaki, a nan ake yi, minti ɗaya ne. Na tsaya riƙe da igiyar. Ba zan ce muku na rasa hankalina ba, lafiyata ƙalau. A raina na ga bargon yana buɗewa, na ga wuyan gogen yana fitowa a gaban dattawan nan, na ji yadda za a ba da labarin a zauren surukaina kafin su dawo. Sai na ce mata a sa shi a ƙasa tare da kaya. Ta ɗago ta dube ni, ta matsa jakar da hannu, ta ji abin da ke ciki.

"Wannan ba zai kai ba," in ji ta. "Akwatuna masu nauyi ake jibgawa a kai, kuma za ku sauya jirgi a hanya. Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ta sake tambaya, na sake faɗa. Ta turo mini takardar da Dakta ya gargaɗe ni a kanta, na sa hannu. Ta manna jan tambari na kayan da ke fashewa, ta ɗora jakar a hankali a kan bel, na bi ta da ido har ta shige bayan labulen roba.

Da na koma benci Baba ya dubi hannuna, ya dubi bayana, ya tambaye ni ina yake. Na sunkuya ta wajen kunnensa mai ji na ce sun hana, doka ce, ba a shiga da abin kiɗa cikin jirgi, amma akwai wuri na musamman da suke ajiye irinsu. Ya yunƙura zai tashi ya ce bari ya je ya roƙe su da kansa, ko don furfurarsa. Na riƙe shi na ce an riga an wuce da shi. Ya koma ya zauna. Ya ce da ya sani da ya sassauta tsirkiyar. A cikin jirgi bai ci abin da aka kawo ba. Hannuwansa suna kan cinyarsa a buɗe, ya rasa inda zai sa su. Sau biyu yana tambayata ko akwai sanyi a inda aka ajiye shi, domin fatar ba ta son sanyi.

Da hantsi muka sauka. Muka tsaya inda kaya ke zagayowa, akwatunan mutane suna ta fitowa, namu ma ya fito, jakar shiru. Can daga ƙarshe ta fito, kuma tun daga nesa na san an gama, don ta kwanta shafal kamar babu komai a ciki sai tsumma. Baba ya durƙusa a ƙasa a tsakiyar mutane, da gwiwar nan tasa, ya kwance igiyar. Ƙwaryar ta tarwatse gida bakwai ko takwas, fatar ta yage tun daga tsakiya, sandar kaɗai ta tsira da gashin dokin yana reto a jikinta. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi kuka ba. Ya cire hularsa ya riƙa tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a ciki, har ƙananan da suka maƙale a gashin bargo. Wadda aka turo ta tarbe mu ta ja ni ofishin ƙorafi tana ta faɗa, ta ce sai sun biya. Mutumin ofishin ya danna kwamfuta ya juyo mana da fuskarta, ga sa hannuna. Matar ta juyo ta dube ni. Na ce mata tilasta mini aka yi a Kano.

Masu taron sun yi iya ƙoƙarinsu. Wani mai gyaran kayan kiɗa ya juya gutsattsarin a tafin hannunsa ya ce ko an liƙa ba za ta yi amo ba. Suka samo aron wani abu mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan goge daga wata ƙasar Afirka ta yamma. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya wuni da shi a ɗakin masauki. Ina jin sa ta bango yana farawa yana tsayawa. Da la'asar ya miƙo mini ya ce in mayar wa masu shi, wuyansa ya fi nasa tsawo, yatsunsa suna sauka inda babu komai. Ranar taro ya hau dandamali hannu wofi, ya rera baiti kaɗan da baki. Baba ba mawaƙi ba ne, gogen ne ke masa magana, muryar ta shaƙe a tsakiya. Suka tafa masa sosai, irin tafin da ake yi wa wanda aka tausaya wa. A ɗakin ɗaukar sauti sun zaunar da shi kwana biyu yana lissafa sunayen take da masu su, amma duk wanda aka ce ya yi sai ya ɗaga yatsunsa ya motsa su a iska ya girgiza kai. Muka dawo kafin kwanakinmu su cika, da gutsattsarin a ƙulle cikin hula a jakar hannuna. Wannan karon babu wanda ya ce a buɗe.

A gida Inna ta yi ta tsine wa jirgi da masu jirgi. Gyaɗar shekarar ma ciyawa ta cinye rabinta. Na je wajen Kademi na sa wani tsoho ya haɗa sabon goge, da ƙyar aka samu fatar guza. Baba ya ja shi sau biyu ko uku ya ce Allah ya yi albarka, ya jingine shi a bayan ƙofa, can ya zauna har gara ta taɓa shi. Dakta ya zo sau biyu da na'urarsa yana lallashi, Baba ya ce a bari sai ya ji ƙarfi. Ya daina zuwa kasuwar Ajingi. Mahauta suka aiko, ya ce a gaishe su. Kansa ya ɗora wa laifin, yana cewa abin da ya zauna lafiya a hannun mutum uku shi ne ya ɗauke shi ya kai inda ba a san darajarsa ba, don son a ji sunansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake ba masu zuwa jaje labarin. Kullum sai ya ce Magaji ya yi ƙoƙari, ya daɗe a tsaye yana fama da su da Turanci, shi yana hango shi daga benci. Ina zaune a gefe ake juyowa ana ce mini sannu.

Sau ɗaya ya ba ni ƙofa. Bayan shekara guda ne, muna zaune mu biyu a gindin darbejiyar ƙofar gida da yamma, ya riga ya fara ramewa. Ba tare da wata magana ta kawo ba ya ce:

"Magaji, ka dai gaya musu na kakana ne ko?"

"Na gaya musu, Baba."

"To. Shi ke nan. Na ɗauka ko ba su sani ba ne."

Ya gyara zama ya ci gaba da kallon hanya. Na buɗe baki zan gaya masa gaskiya, sai na tambaye shi ko a kawo masa ruwa. Damina ta biyu bayan tafiyar ya kwanta, sati uku, ya cika ranar wata Laraba da safe ina ofis. Alhaji Bala ya zo gaisuwa da jama'arsa, ya yi doguwar addu'a, ya ce Allah ya sa tubansa ta karɓu. Na ce amin.

Mahaifiyarku ba ta taɓa tambayata ba. Ina zaton ta gane tun ranar da baffanta ya dawo daga Umara yana tambayarta jikin kunnen Baba, amma ta rufa mini asiri har yau, kuma ban san ko hakan sauƙi ya zame mini ko ƙari ba. Na yi istigfari iya yina. Sai dai wanda zan nemi yafiyarsa ya tafi yana sa mini albarka a kan abin da ban yi ba, kuma ban san yadda ake warware wannan ba. Malaman da na tambaya a fakaice sun ce in yawaita masa addu'a da sadaka. Ina yi.

Bara da sallah, ke Bilkisu, kin zo da yaranki, kika ce in ɗan yi musu kiɗan kakanki ko da baki ne, su ji yadda yake. Kin tuna na ce maƙogwarona ba daɗi. Ba haka ba ne. Bayan kun tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa na gwada taken manoma, wanda na ji ya fi sau dubu tun ina goye. Farkon ya zo. Na kai inda Baba kan ɗaga kai ya ja bakan har ƙarshe kafin kiɗan ya juya, sai na tsaya, don ban san ta inda yake juyawa ba. Na koma farko sau uku, kullum a nan nake tsayawa. Washegari na shiga mota na je Gafasa, na bi tsofaffin da suka rage gida gida ina rera musu rabin da nake da shi. Duk sun gane shi, wani har ya share ido da bakin riga. Babu wanda ya iya ƙarasa mini.